Daga Aji Uku Zuwa Asibiti: Hanyar da Za Mu Share wa Ƙannenmu

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni wannan dama, alhali ga yayyena nan zaune waɗanda suka riga ni shan kokon wannan makaranta da shekaru masu yawa. Ni dai ba likita ba ne, ban kuma taɓa yi wa kowa allura ba. Ma'aikacin gwamnati ne ni, aikina takarda da fayil. Sai dai fayilolin da ke bi ta teburina yawancinsu na ma'aikatan lafiya ne: wa aka ɗauka, ina aka tura shi, ya je ko bai je ba, in ya je wata nawa ya yi. Abin da waɗannan fayiloli suka koya mini shi na kawo muku yau. A taƙaice, ma'aikacin lafiyar da ƙauyukanmu suke jira a aiko musu yana nan zaune a cikin azuzuwan makarantunmu, kuma a aji uku na ƙaramar sakandare ake yanke makomarsa, tun shi kansa bai san ana yanke wani abu ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya. A shiyyar Arewa maso Yamma abin bai kai kashi 20 ba, alhali a Kudu maso Gabas da Kudu maso Yamma ya haura kashi 80. Har ila yau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a ƙasar nan a dalilin ciki da haihuwa. In muka raba wannan adadi da kwanakin shekara, za mu ga fiye da mata 200 ke nan a kowace rana. Na tabbata babu wanda ke zaune a wannan zaure da bai taɓa zuwa ta'aziyyar irin wannan rasuwa ba.

Dalilan da ke hana mata zuwa asibiti suna da yawa. Akwai nisa, akwai lalacewar hanya, akwai rashin kuɗi. Amma akwai wasu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, a ɗauko mace cikin dare a kai ta ƙaramin asibitin gari a tarar da shi a kulle, domin ma'aikacin a birni yake kwana. Na biyu, a tarar da ma'aikaci amma namiji, ita matar ta ƙi, mijin ma ya ƙi. Ko mun yarda da wannan hali ko ba mu yarda ba, haka mutanenmu suke, kuma duk shirin da bai yi la'akari da shi ba aikin baban giwa ne.

A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi zuwa ƙananan asibitocin karkara, aka ɗebi sababbin fitowa da waɗanda ba su da aiki da waɗanda suka yi ritaya. Shirin ya taimaka, amma da yawa ba su zauna ba, saboda matsalar alawus da wurin kwana da nisa da iyali, wasu kuma ba sa jin harshen mutanen da aka tura su wurinsu. Ni ma abin da nake gani ke nan a ofis. A tura mutum ƙauye yau, kafin wata shida takardar neman canjin wurin aiki ta iso, da 'yar wasiƙar wani babba a maƙale. Wanda ke zama shi ne ɗan garin, wanda gonarsa da iyayensa da surukansa suke can. Saboda haka ne tun a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe da su riƙa ɗaukar ɗaliban da suka taso a karkara a makarantun koyon aikin lafiya, ta kuma sake jaddada wannan shawara a 2021.

WASU SUN YI, SUN KUMA GA AMFANI

Kada wani ya ɗauka sabon abu na zo da shi. Likita na farko daga Arewacin Nijeriya, Dakta Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, kuma aka sa wa asibitin koyarwa na Kaduna sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, dukkansu 'ya'yan makarantar mishan ne ta Wusasa. Wusasa ƙaramin gari ne a gefen Zariya, amma makaranta da asibiti suna maƙwabtaka a cikinsa, yaro yana tashi yana ganin aikin da idonsa.

A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ana yi wa yara jarrabawa daga sauran makarantu, a zaɓo masu hazaƙa a tara su wuri guda, a ba su malamai da ɗakunan gwaje-gwaje. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. Duk wanda ya shiga asibitocin Kano da Jigawa ya tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, zai sha jin sunayen waɗannan garuruwa.

Misali na uku ya fi kusa da zamaninmu. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da shirin Women for Health, wato Mata Domin Kiwon Lafiya, da tallafin gwamnatin Birtaniya, a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka haɗa da Barno. Ginshiƙin shirin shi ne shekarar share fage. Mutanen ƙauye su ke zaɓo 'yarsu da ta gama sakandare, ko budurwa ko matar aure. In ba ta da kiredit ɗin da ake bukata, a koyar da ita ta sake zama jarrabawa. In tana da su, a shirya ta don jarrabawar shiga makarantar jinya ko ta ungozoma. An gyara ɗakunan kwana, an tanadi wurin renon jarirai, an zauna da iyaye da mazaje da malaman addini, ita kuma ɗaliba ta yi alkawarin komawa garinsu ta yi aiki.

Ko a wajen ƙasar nan haka abin yake. A ƙarshen shekarun 1990, asibitin Mosvold da ke Ingwavuma, wani yanki na karkara a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, ya gaji da jiran ma'aikata daga birni, sai ya fara ɗaukar nauyin karatun yaran yankin. Kowane hutu ɗalibi yana dawowa ya yi aiki a asibitin, akwai mai bibiyar karatunsa, in ya gama kuma ya biya da aiki, shekara ɗaya a madadin kowace shekara ta karatu.

Idan muka lura da kyau, za mu ga waɗannan misalai sun yi tarayya a abubuwa uku: an kama yaro da wuri, an riƙe hannunsa a wuraren da ake faɗuwa, an kuma ɗaure shi da gida.

WURARE HUƊU DA YARO KE ƁACEWA

Wuri na farko shi ne lokacin da ake raba ɗalibai, bayan sun gama aji uku. Duk wanda zai karanci aikin likita, ko jinya, ko haɗa magunguna, sai ya sami kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yaron da bai shiga ajin kimiyya ba ya rufe wa kansa wannan ƙofa yana ɗan shekara 14 ko 15. Me ya sa bai shiga ba? Wani abokinsa ya bi, wani tsoron lissafi aka cusa masa, wani kuma makarantarsu ce ba ta da malamin Fiziks. Ɗan ma'aikaci da ke birni yana da uba ko yaya da zai ce masa ga inda za ka shiga. Ɗan manomi da ya zo daga ƙauye, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka sakandare, ba shi da wanda zai gaya masa. Ita kuwa yarinya, a daidai wannan lokaci ne ake fara kawo kayan na-gani-ina-so.

Wuri na biyu shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Jarrabawar WAEC da ta NECO suna da ɓangaren aiki da hannu. Akwai ɗalibai da yawa da sai ranar jarrabawa suke fara riƙe kwalbar awo, a ce su ɗiga wani sinadari a kan wani har launi ya canja, abin da a kan allo kaɗai suka taɓa ganinsa. Akwai masu gama sakandare ba su taɓa leƙa madubin likita ba. Irin wannan yaro in ya faɗi, ba daƙiƙanci ya kayar da shi ba.

Wuri na uku shi ne tsakanin sakandare da makaranta ta gaba. Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB baki ɗaya, kuma tun 2021 sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake yin rajista. Yaron da bai taɓa dafa kwamfuta ba, rabin lokacinsa a neman inda zai danna yake tafiya. Daɗin daɗawa, yaranmu aikin likita kaɗai suka sani. Kowa ya cika takarda sai ya rubuta likita, alhali guraben kaɗan ne, domin hukumar da ke kula da aikin likita ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. In bai samu ba sai ya zauna a gida shekara biyu, uku, daga nan ya haƙura ya sayi babur. Ba wanda ya gaya masa cewa akwai digirin jinya da na gwajin jini da sauran gwaje-gwajen asibiti, kowanne shekara biyar, akwai haɗa magunguna, akwai ɗaukar hoton ƙashi, akwai gashin ƙashi, akwai duba ido da haƙori. Ba wanda ya gaya masa cewa makarantun koyon aikin lafiya na jihohi suna horar da jami'an lafiya na karkara cikin shekara biyu zuwa uku, ko kuma akwai kwas na ungozomar karkara da aka tsara musamman domin 'yan matan ƙauye. Asibiti ba ya tafiya da likita kaɗai.

Wuri na huɗu shi ne bayan an sami shiga. Mu a nan mukan yi walima mu ce an gama, alhali a lokacin aka fara. A makarantun jinya an saba yin jarrabawar tacewa bayan watannin farko, a jami'a kuma ba duk wanda ya shiga shekarar farko ne ke tsallakawa ta biyu ba. Ga kuɗin rajista, ga na littattafai, ga na abinci, ga Turancin malaman jami'a da ba a saba da shi ba. Yaro ya faɗi jarrabawa ɗaya, kunya ta hana shi gaya wa kowa, sai dai a ji ya dawo gida. Yarinya kuma ta yi aure ta haihu, a rasa mai riƙe mata jariri, karatu ya tsaya.

ABIN DA NAKE ROƘON WANNAN ƘUNGIYA

Ya Shugaba, ƙungiyoyi irin tamu sun saba da shafa fenti, da gina ƙofar shiga, da ba wanda ya zo na ɗaya kyautar littattafai. Duk ayyukan alheri ne, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Amma kyautar na ɗaya tana zuwa ne ga wanda ya riga ya haye. Ina roƙon mu juya mu dubi waɗanda suke bakin ruwa. Ga shawarwarina guda shida.

1. Kowace shekara mu zaɓi ɗalibai 30 a ƙarshen aji uku, 15 daga wannan makaranta, 15 daga makarantar 'yan mata ta garin nan. Aƙalla 20 daga cikinsu su kasance 'yan ƙauyukan da ke wajen hedikwatar ƙaramar hukuma. A yi musu jarrabawa a rubuce, a duba takardu da lamba ba da suna ba.

2. Kafin a sa sunan yaro a littafi, wakilanmu su taka har gidansu, tare da dagaci da liman. Game da 'yan mata, a yi magana a fili da iyaye cewa in aure ya zo ba a hana ba, amma da sharaɗin karatu zai ci gaba, a kuma gaya wa manemi tun kafin a karɓi sadaki. A nan ina magana da mu maza. Mu ne iyayen nan, mu ne yayye, mu ne mazajen. Wanda yake so mace ta duba matarsa, wajibi ne ya bar 'yarsa ko ƙanwarsa ta yi karatun.

3. Mu gyara ɗakin gwaje-gwaje kafin mu sake sayen fenti, mu riƙa sayen sinadarai kowane zangon karatu, mu kuma buɗe shi ga 'yan matan. A shirya darussan Asabar da na dogon hutu a fannonin nan biyar, a biya malaman da suka koyar haƙƙinsu a kan lokaci.

4. Mu nemi izinin hukumar asibitin gwamnati mafi kusa, yaran su yi mako biyu a can kowane dogon hutu. Kallo za su yi da tambaya, ba za su taɓa majiyyaci ba, za a kuma koya musu riƙe sirrin marar lafiya tun daga ranar farko. Kowane yaro a haɗa shi da tsohon ɗalibi guda, ma'aikacin lafiya in da hali, wanda zai riƙa kiransa ko da sau ɗaya a wata.

5. Mu biya kuɗin jarrabawa, mu koya musu kwamfuta tun daga aji huɗu, mu zauna da kowanne mu duba makinsa kafin ya zaɓi fanni. Wanda ya rasa kiredit ɗaya ko biyu a ba shi dama ta biyu, domin makarantun jinya suna karɓar sakamakon zama biyu. Ga kuma hanyar IJMB da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa ga wanda JAMB ta ƙi masa.

6. Mu bi su har su gama, su kuma su sa hannu a kan yarjejeniyar dawowa ƙaramar hukumar nan su yi aiki. Mu da ke cikin gwamnati nauyi ne a kanmu mu bi ofis-ofis tun da wuri a tanadar musu guraben aiki, domin abin takaici ne a horar da ungozoma ta dawo ta zauna a ɗaki. A buɗe wa shirin asusun banki na daban, kuma a kowane taron shekara a karanta mana: nawa aka ɗauka, nawa suka ci, nawa suka faɗi, me aka yi musu.

Jama'a, wannan aiki na mai haƙuri ne. Yarinyar da muka ɗauka bana, in ungozomar karkara za ta zama, sai bayan shekara biyar ko shida za mu gan ta da farar riga. In likita ne, shekara uku na babbar sakandare, shida na jami'a, ɗaya na sanin makamar aiki, goma ke nan in ba a yi yajin aiki ba. Kafin nan an canja shugabannin wannan ƙungiya sau da yawa. Don haka nake ba da shawarar a sa shirin a cikin tsarin mulkin ƙungiya, kada ya tafi da tafiyar waɗanda suka fara shi.

TAMBAYOYIN DA NA SAN ZA A YI

Wani zai ce, to in mun sha wahala mun koyar da su suka tsallaka Ingila ko Saudiyya fa? Gaskiya ne, wasu za su tafi, babu takardar da za ta ɗaure mutum har abada. Amma ko kashi ɗaya cikin uku suka zauna, cikin shekara goma ƙaramar hukumar nan ta sami ma'aikata 'yan gida da ba ta taɓa samun irin yawansu ba. Wanda ya tafi kuma a nemi ya ɗauki nauyin wani yaro a madadinsa.

Wani zai ce fifita 'yan ƙauye da 'yan mata rage darajar ilimi ne. Ba mu roƙi kowa ya rage wa yaranmu maki ba, kuma ba za mu roƙa ba, domin ran mutane za a damƙa musu. Jarrabawar da kowa ya zauna ita za su zauna. Abin da za mu ba su shi ne abin da ɗan birni ya riga ya samu a gidansu.

Babban abin da nake tsoro shi ne alfarma. Ranar da ɗayanmu ya kawo ɗansa ko ɗan ubangidansa aka cusa shi cikin talatin ɗin nan, ranar shirin ya mutu, ko da ana ci gaba da tara kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ina ba da shawarar duk wanda ke cikin kwamitin zaɓe ya fita daga ɗaki in an zo kan takardar ɗan'uwansa.

KAMMALAWA

A ƙarshe, ku ƙannena ɗalibai, musamman 'yan aji uku: kada wanda ya zaɓi aji don abokinsa ya zaɓa. Ku tambayi malamanku, ku tare mu a bakin zauren nan in an tashi ku tambaye mu. Lissafi ba dodo ba ne, yau da gobe yake so. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin asibiti ba, kada ya shiga don riga ko don suna, domin aiki ne na kwana a tsaye.

Ku kuma yayyena, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon Shugaba da kada a tashi taron nan sai an naɗa kwamitin mutum bakwai, cikinsu har da mata biyu da malami ɗaya daga kowace makaranta, a ba su wata uku su kawo tsari da ƙiyasin kuɗi, yadda za a yi zaɓen farko kafin ƙarshen wannan shekarar karatu. Ni a shirye nake in riƙe musu fayil, tun da shi ne abin da na iya.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.